Idon Kwalekwalen Auta

Ina zaune a tsakar gida ina yanka sabulu na ga Auta ya shigo da injin huji a hannu. Na makaniken bakin layi ne, na san shi da jan tef ɗin da ke naɗe a wayarsa. Makaniken nan har yau bai maido min da babbar robata ba, amma wannan maganar wata rana ce.

Na ce, "Kai, me za ka huda?"

Ya ce, "Kwalekwalen, Inna."

Kwalekwalen nasa na roba ne, siriri, mai cin mutum ɗaya. Da shi yake fita tafki kamun kifi, da shi yake ci da gidansa. Satin da ya wuce ya sayo wata na'ura, wai tana ganin kifi a ƙarƙashin ruwa. Kashi biyu ce: ɗan gilashi da ake kallo, da wani baƙin abu kamar rabin ƙwai, shi yake kira ido. Mai shago ya ce masa ya manna idon da gam a cikin cikin jirgin, zai gani ta cikin robar. Ya manna, ya fita kwana biyu, gilashin ba ya nuna komai sai ɗige-ɗige.

"Mai shagon nan ya cuce ni," in ji shi. "Roba ta yi kauri. Gara in huda, idon ya taɓa ruwa."

Matarsa tana shanya. Ta ce, "Inna, ki yi masa magana. Mutumin da ko iyo bai iya sosai ba."

"Wa ya ce ban iya ba?"

"Ni da na ga ranar da aka tsamo ka."

Na ce su yi min shiru. Na dafa bango na tashi, na leƙa cikin jirgin da ke ajiye a gefen tsakar gida. Ban yi boko ba, ban san yadda abu ke gani ta cikin roba ba. Amma na ga gam ɗin, ya yi fari fat, cike da ƙananan ƙuraje. Kuma ina nan zaune ranar da ya haɗa shi. Iri biyu ne ake gaurayawa, shi kuwa ya kama tsinke ya dinga bugu kamar mai kaɗa ƙwai.

Na ce, "Auta, abin nan yana son iska?"

Ya sosa kai. "Mai shago dai ya ce kar a bar iska a tsakani."

"To me ka cika masa?"

Shekara arba'in ina yin sabulu. Duk wadda ta buga ruwan sabulu da gaggawa, in ya daskare ta yanka, ramuka za ta tarar. Kumfa ba ta fita don an matsa mata daga baya, tun farko ake hana ta shiga.

Ya ce, "Inna, wannan fa ba sabulu ba ne."

"Ajiye injin nan. Ka ba ni yau da gobe. In bai gani ba, ka huda har gida biyu."

Ya ɓamɓare tsohon gam ɗin da wuƙata, yana ƙunƙuni. Ya goge wurin da samfefa, matarsa ta share da tsumma har ya bushe ƙarau. Na sa ya yanko soso, ya fafe tsakiyarsa daidai girman idon, ya kafa shi a wurin kamar ɗan akushi. Sauran gam ɗin kuwa na ajiye a rana ya ɗan saki jiki.

Ni na haɗa da hannuna. A hankali, gefe ɗaya, tsinken bai bar gindin kofi ba. Auta yana tsaye a kaina yana ta duba agogo.

"Zai daskare fa, Inna."

"Kai ne za ka daskare."

Na tsiyaya ta gefe, siriri, ya kwanta da kansa. Na karɓi idon na sa shi a karkace, baki ɗaya ya fara shiga, sannan na kwantar da shi ina ɗan murzawa. Gam ya fito ta gefe garau kamar zuma. Muka ɗora masa rabin bulo. Na ce duk wanda ya taɓa jirgin nan kafin gobe da la'asar, ni da shi.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Auta yana tafki, wayar matarsa ta yi ƙara. Ta saurara, ta kwashe da dariya, ta kara min a kunne.

"Inna! Ina ganin ƙasa! Zurfin gaba uku! Ga wasu abubuwa nan suna wucewa kamar gira, kifi ne, wallahi kifi ne!"

Na ce, "To daina ihu, za ka kore su. Ka kama ko ɗaya?"

Ya ce, "Tukuna. Kallo nake."

Na miƙa mata wayar. Na ce ta yanka albasar miyar kifi dai, ko da kaɗan ce.