Tofi a Safar Hannu

Malam Misbahu ya cusa hannu a safar roba, gumi ya hana ta shiga. Shekararsa arba'in da bakwai, sha tara daga ciki ya ƙarar da su yana zana ƙwayar halitta da alli a wata sakandare a Kiyawa. Yau ne karon farko da aka ce ya taɓa ta.

Wata sabuwar cibiyar bincike ce a Dutse ke neman ma'aikaci, cibiyar masu nazarin ƙananan halittun da ke maƙale a saiwar wake. Gurbi ɗaya, mutum shida suka zo gwaji. Baɗi shekarunsa za su haura ƙa'ida. Ɗaya daga cikin 'yan takarar har kujera ya ba shi, ya ce, "Zauna, Baba."

Dakta Halimatu Sa'adiya, shugabar ɗakin, ta ba kowa 'yan kwalabe biyu. "Ɗaya za ku sa abin da muka tatso daga saiwa, ɗaya ruwa zalla. Bayan azahar na'ura za ta nuna. Ta ruwan dole ta fito fayau. In wani abu ya bayyana, aikinka ba tsabta."

Misbahu ɗan malamin allo ne. Tunda ya yi wayo bai taɓa tunkarar abin tsoro ba sai ya yi karatu ya tofa a tafukansa. Ya ja takunkumin fuskarsa ƙasa, ya karanta, ya tofa, ya murza hannu, ya buɗe kwalabe. Sai da ya rufe su sannan ya gane ɓarnar da ya yi. Shi da yake koya wa ɗalibai yawan halittun da ke cikin yawu!

A masallaci bai san me liman ya karanta ba. Yana fitowa matarsa Kubura ta kira.

"Malam, an dace? A yanka zakaran?"

"Ƙyale shi. Yau ya fi ni sa'a."

Da aka haska hoton sakamakon, kwalaben ruwa uku sun nuna ɗan farin layi, har da tasa. Dakta ta bi masu kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce ruwan cibiyar ne ba kyau. Ta biyu ta ce na'urar ce. Saura Misbahu. Ga ƙarya biyu an share masa hanya, sai dai ya zaɓa.

"Malam, kai fa? Mene ne wannan?"

"Ranki ya daɗe, ni ne."

"Kai ne kamar yaya?"

"Tofi na yi. Bayan na sa safar."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya mai da ita tari. Dakta ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau.

"Wace sura?"

"Alam nashraha."

Ta yi rubutu a takardarta. "Mutum uku sun ɓata min ruwa, ɗaya ne ya san ta inda aka yi. Ka dawo Litinin ƙarfe takwas, za ka sake tare da ukun da nasu ya fito fayau. Karatun kuma a zuci."

Ya kai bakin ƙofa, ya juyo.

"Dakta, ko zan samu kwafin hoton?"

"Na me?"

"Mahaifina zan kai wa. Shekara sittin yana tofi, bai taɓa ganin ya fito a hoto ba."