'Yan Tsakin da Suka Jira Faks

Tun hantsi Uwar Kaji take tsaye a gaban teburin akawun siton kaya na filin jirgi, tana jiyo kukan 'yan tsakinta ta bayan bango. Jiya aka ƙyanƙyashe su, yau jirgi ya sauke su cikin kwalaye, aka jibge su ƙarƙashin rufin kwano kamar buhunan siminti. Ɗan tsako kuwa ba ya jiran kowa. In bai samu ruwa da iska ba, kafin la'asar ya zama gawa.

Da sunan yayanta aka yi wa gonar kajinta rajista, shi kuma yana wata ƙasa ana jinyar ƙafarsa. Dole sai ya sa hannu cewa ya yarda a ba ta kayan. To, ya sa. Daga kan gadon asibiti ya sa, ya turo ta imel, ta buga takardar ta fito fes, har lanƙwasar da yake yi a ƙarshen sunansa.

Akawun ya ɗaga takardar da yatsa biyu, sai ka ce daga kwata aka tsamo ta.

"Hajiya, wannan ta imel ce. Mu faks muke karɓa."

"Faks, Malam? A wannan zamanin?"

"Imel kowa na iya ƙirƙira. Faks ba ya ƙarya. Doka ce, ba ni na kafa ta ba."

"To bari in kira maka yayana, ka ga fuskarsa, ya faɗa maka da bakinsa."

"Baki ba ya shiga fayil."

Akwai mutanen da in an ba su kujera da hatimi, sai su ɗauka su ke riƙe da sama kada ta faɗo. Ranta ya ɓaci, amma ta haɗiye, don mai nema ba ya fushi.

Mai gadi ne ya ja ta gefe. "Ki tsallaka titi wurin mai hoton takardu, yana da tsohon faks, injin nan mai tura takarda ta layin waya. Wannan takardar ta hannunki za ki ba shi ya turo musu. Haka kowa ke yi."

"Ita ɗin dai da ya ƙi?"

"Ita ɗin dai."

Ta tsallaka. Mai hoton ya yaye tawul daga kan injin, ya hure ƙura, ya danna lamba. Can sai murya ta fito daga cikin injin: "Salamu alaikum, wa ke magana?" Injin ya ƙwala ƙara, aka kashe. Ashe layin faks da na wayar ofis ɗaya ne, akawun kuma da ya ji ƙararrawa sai ya kai hannu. Aka sake, ya sake ɗauka. Aka ƙara, har tsaki ya yi.

Ta ce wa mai hoton ya ci gaba da dannawa, ta koma da gudu, mota ta kusa kwashe ta.

"Malam, don girman Allah ka ƙyale wayar nan!"

"Amsa wayar ofis aikina ne."

Wayar ta sake ƙara. Uwar Kaji ta ɗora tafin hannunta a kai ta danne, ta zuba masa ido. Ya ga abin da ya gani a fuskarta, ya janye hannunsa. Takarda ta fara rarrafowa daga injin faks ɗin ofis, baƙa ƙirin, rubutun duk ya cakuɗe. Inda yayanta ya sa hannu kuwa, dabbaren tawada ne kawai, ko uwar da ta haife shi ba za ta gane ba.

"Yauwa!" in ji akawun, har da murmushi. "Yanzu kika yi magana." Ya buga hatimi.

Da aka buɗe mata siton, zafi ya doke ta a fuska. Kwalayen sama da sauran motsi. Na ƙasa kuwa, ta buɗe ɗaya ta rufe, ta buɗe na biyu, sai ta durƙusa. Sun hau kan juna wajen ramukan iska, a nan suka mutu, bakinsu a buɗe. Ta shiga tsintar masu numfashi tana zubawa a gyalenta, hawayen takaici na ɗiga a kansu.

Sai ga akawun da wata takarda da biro.

"Hajiya, sa hannu nan, cewa kin karɓi kaya lafiya lau."

"Lafiya lau? Zo ka duba lafiyar! Zo mana!"

"In ba ki sa ba, kaya ba sa fita. Sai gobe in manaja ya zo a yi bincike."

Ta dubi waɗanda ke gyalenta suna haki. Ba za su kai gobe ba.

Ta fizge biron. Ba ta rubuta sunanta ba, ko harafi ɗaya. Wani mugun layi ta ja daga wannan gefe zuwa wancan, da ƙarfin da ya keta takardar.

Akawun bai ko kalli wurin ba. Ya hura wa hatiminsa iska, ya buga, ya ce, "Allah ya sa albarka."