Yadda Rago Ya Kusa Zama Ɗan Fashi

Duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙofar garejin manyan motoci ya san Tsohon Direba, kuma ya san abu biyu game da shi, don ba ya barin baƙo ya tashi bai ji su ba. Na farko, harsuna bakwai ne a bakinsa, alhali bai taɓa shiga aji ba ko don fakewa ruwan sama. Na biyu, tabon da ya ratsa ƙaurinsa na hagu aikin 'yan fashi ne, ranar da suka tare tirelarsa a dokar daji suka kwashi kashinsu a hannu. Mutum ne da ya ga jiya ya ga yau. Ya faɗa kogi da mota ya fito, annoba ta kwashe abokansa ta tsallake shi, likita ya taɓa cewa a kira dangi, ƙarshe shi ya je ta'aziyyar likitan.

Yana da jika a jami'a, tana karatun nazarin harsuna. Har Latin ake koya musu, abin da ya fi komai ba shi dariya ke nan.

"Wai amarya," ya kan ce mata, "wannan Latin da kike haddacewa, a wace tasha ake yin ta?"

"Kaka, masu ita sun mutu tun da daɗewa."

"To da wa za ki yi ciniki, da aljanu? Harshen da ba mai zagin ka da shi ai ba harshe ba ne. Ki zo in koya miki na masu rai."

Bakin nan nasa ne ya ja masa. Wata ranar hutu jikar ta iso da 'yar rakoda da littafin rubutu, ta zauna a gefen tabarmarsa. Ta ce aikin kammala digirinta ya zo: dole ta ɗauki muryar wani harshe da masu jin sa suka ƙaranta, ta rubuta kalmominsa da ma'anarsu, sannan ta tsaya gaban malamai ta kare aikin. In babu shi, 'yan ajinsu za su fita su bar ta. Ta kuma riga ta gaya wa malaminta cewa kakanta yana jin yaren mahaifiyarsa, na wani ƙauye da mutanensa suka watse.

Ya bugi ƙirji. "Wannan? Da shi na sha nono. Kunna abin naki."

Ta kunna. Ya gyara murya, ya gyara hula, ya buɗe baki. Shiru. Ya laluba kansa kamar mai neman sifana a duhun akwatin kayan aiki. Abin da ya fito duka bai wuce "zo ka ci" ba, sai zagi biyu, sai yadda ake kiran akuya.

"Rakodar nan taki tana kallona," in ji shi. "Kawar da ita gefe."

Ta kawar. Da ya ga ruwa na neman ƙare wa ɗan kada, sai ya saki wani yare da ya tsinta a bakin iyaka, yana yi yana kaɗa kai kamar mai tuna uwa.

"Kaka, wannan ai maƙwabcinmu mai facin taya yana yin sa."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta kashe rakodar, ta shiga naɗe wayarta a hankali. Naɗin nan ya fi masa duka ciwo.

"Akwai Yaya," ya ce, murya can ƙasa.

Yaya ita ce babbar 'yar'uwarsa, ita kaɗai ta rage a duniya da ta san shi tun bai zama jarumi ba. Shi ya sa ya fi son gaishe ta ta bakin ɗan aike.

Suka same ta a ɗakinta, zaune bakin gadon ƙarfe, kusa da keken ɗinkin da ta rufe da tsohon zane. Kunnuwanta sun yi nauyi, amma bakinta garau. Sai da jikar ta ɗaga murya sau uku kafin ta gane abin da ya kawo su.

"Au, Auta bai iya ba?" Ta dube shi daga hula har takalmi. "To ni magana zan yi. Fassara kuwa aikin mai harsuna bakwai ce."

Ta fara. Abin mamaki, yaren da ya ƙi fita daga bakinsa sai ga shi yana shiga kunnensa tas, ba kalmar da ta ɓace masa. Ta yi zancen rijiyar ƙauyensu, ya fassara. Ta yi zancen yadda uwarsu ke shanya wanki a kan dutse, ya fassara yana hura hanci. Jikar tana ta rubutu, fuskarta ta washe.

Sai Yaya ta nuna ƙafarsa ta hagu da sandarta, ta gyara zama, ta ɗauko wani labari. Labarin ragon uwarsu ne, wanda ya biyo shi yana yaro, ya ruga yana ihu, ya haye shingen kwano, kwanon ya tsarge masa ƙauri, aka sauko da shi wando jiƙe, ba kuwa da ruwan sama ba.

"Me ta ce, Kaka?"

Ya saci kallon Yaya. In ya yi magana a hankali ba za ta ji ba. Allah ya ba shi hanya.

"Cewa ta yi, wani ƙaton ɗan fashi ya biyo ni."

"Wannan kalmar da ta maimaita, ita ce ɗan fashi?" Ta furta kalmar daidai, kamar a bakin uwarsa. Ta rubuta ta, ta ja layi a ƙarƙashi. "Madalla. Ka san babu wanda ya taɓa rubuta yaren nan. Abin da na sa, shi za a ajiye a ɗakin karatu, duk mai nema nan gaba a wurina zai gani. Malamai kuma za su bi kowace kalma su tambaye ni."

Ya dubi layin da ta ja. Karatu bai iya ba, amma ya san layi. Ya hango ta tsaye gaban malamai masu tabarau, wani ya tambaye ta dalilin da ya sa ɗan fashin yaren nan yake da ƙaho, yake cin dusa. Domin kuwa Yaya ba ta tsaya ba, ga ta can tana bayanin ƙahon, har da kwatance da hannu.

"Amarya."

"Na'am."

"Goge."

"In goge me?"

"Ɗan fashin. Rago ne."

Alƙalaminta ya tsaya. Ta dubi tabon, ta dube shi, ta cije leɓe.

"In kika yi dariya na sake ki," in ji shi. "Kuma ki rubuta babba ne. Ba a taɓa ganin rago irinsa ba, ko yanzu babu."

"Haka ta ce?"

"A'a. Cewa ta yi gurgu ne."

Daga nan ya saki jiki, tunda wanda ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Ya fassara ihun, ya fassara shingen. Da aka zo kan wandon ya ɗan yi tari, jikar ta ɗaga kai tana jira, ya faɗa mata kalmar da ma'anarta, har ya gyara mata yadda ake jan ƙarshenta. Yaya ta ga bakinsa na motsi, ta ga yarinyar na share hawayen dariya da gefen mayafi, ta tabbata saƙo ya isa, sai ta ɗauko labarin ranar da ya ɓata a gonar da ake hango ta daga ƙofar gida.

Ba su tashi ba sai da batirin rakodar ya mutu. Shafukan jikar sun cika, ta ce wannan ya ishe ta somawa, amma za su riƙa dawowa har aikin ya kammala.

Da suka kai bakin titi, ya dubi jikar.

"Malaman nan naku, suna zuwa gareji?"

"Me zai kai su, Kaka?"

"To shi ke nan." Ya ɗaga wa mota hannu. "In za mu koma ki sayo batir mai ƙarfi. Na san Yaya, ba ta ma kai kan labarin jakin ba."