Salansar Baba Sati

Suna shiga ƙarƙashin gadar Kwangila, rurin motar ya bugi siminti ya dawo musu ninki biyu. Masu sayar da rake suka juyo. Wani ɗan acaɓa ya toshe kunne da kafaɗa yana dariya, ya ɗaga musu babban yatsa. Martina ta ƙara nutsewa cikin kujera, ta kafe gwiwoyinta da ido. Mahaifinta, Baba Sati, bai dubi kowa ba. Hannuwansa biyu na kan sitiyari, ya nufi Sabon Gari kamar shi kaɗai ne a kan titin.

Motar tsohuwar Landiroba ce mai launin ganye, ta girmi Martina nesa ba kusa ba. Da ita Baba Sati ya yi rabin rayuwarsa yana kai likitocin dabbobi rugage, lokacin da yake direba a Shika. Da ya yi ritaya aka sa ta a gwanjo, ya ce ba za ta je hannun baƙo ba. Injinta bai taɓa ba shi kunya ba, amma salansar ta daɗe da ruɓewa. Duk inda ta ɓule sai ya fasa gwangwanin madara ya naɗe wurin, ya ɗaure da waya. In aka yi masa maganar ƙara sai ya ce shi dai bai taɓa jin wanda ƙara ta kwantar a asibiti ba.

Jiya ne abin ya faru. Martina nas ce a asibitin Shika. Da rana ta fito shan iska tare da abokiyar aikinta Lovelyn, da wani sabon likita, Dakta Remi, wanda tun zuwansa take ƙara gyara ɗaurin gashinta kafin ta shiga ɗakin marasa lafiya. Suna tsaye a inuwa sai ga rurin nan daga bakin ƙofa. Mutane suka riƙa leƙowa ta taga. Motar ta zo ta tsaya kusa da su, mahaifinta ya fito da hannu yana ɗaga mata.

Lovelyn ta ce, "Kai! Wane ne wannan ya shigo mana da injin niƙa? Ke yake ɗaga wa hannu fa."

Dakta Remi ya yi murmushi yana jiran amsa.

Martina ta ce, "Wani maƙwabcinmu ne a Samaru."

Abin da ya hana ta sakewa tun daga lokacin shi ne ta kasa tuna ko kafin ya kashe injin ta faɗa, ko bayan ya kashe. Ta dai san ya ɗan zauna a cikin motar, sannan ya sake tayar da ita, ya yi kwana ya fita. Da ta koma gida ta same shi yana cin tuwo. Ya amsa gaisuwarta, ya yi addu'ar yamma kamar kullum, bai tayar da maganar ba. Yau da safe kuma, ranar hutunta, ta ji yana gaya wa mahaifiyarta zai je Sabon Gari a sauya wa motar salansa. Shi da aka yi shekaru ana roƙo yana ƙi. Ba ta san lokacin da ta ɗauki jakarta ta buɗe ƙofar gaba ta zauna ba. Ya dube ta sau ɗaya, ya sa giya.

Garejin yana can wajen Chikaji, bayan wata masana'anta da ta daina aiki. Mai shi, Celestine, Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausar bakinsa ta Zazzau ce tsantsa. Tun kafin su karya kwana ya fito yana goge hannu da tsumma.

Ya ce, "Tun kuna PZ na ji ku. Baba, yau ka tuba ke nan?"

Baba Sati ya ce, "Tana nan?"

"Tun bara nake ajiye maka ita. Ta kamfani ce, irin wadda motar ta fito da ita, ba aikin 'yan walda ba. Mutum nawa suka nema na hana."

Ya shiga rumfa ya jawo ta: dogon bututu mai lanƙwasa da tukunyarsa a tsakiya, an naɗe bakinsa da buhun siminti. Sai a nan ya lura da Martina. Ya tsaya yana kallonta, fuskarsa ta washe.

"A'a! Baba, wannan ba ita ce 'yar nan da kake zuwa da ita ba, tana zaune a baya tana ɓare gyaɗa?"

Baba Sati yana ƙoƙarin saukowa daga motar, ya ce, "Maƙwabciyarmu ce. Rage mata hanya na yi."

Ba da fushi ya faɗa ba. Ko kallonta bai yi ba, kamar mai faɗin farashin man fetur. Martina ta ji zafi ya taso mata daga wuya har kunnuwa. Ashe bayan ya kashe injin ne. Celestine ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce to madalla, a hau da motar kan rami.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Notocin da ke riƙe da tsohuwar salansar a jikin injin sun ci tsatsa har sun zama abu ɗaya da ƙarfen. Celestine ya zuba musu kananzir ya jira, ya sa sufana ya danna da duk ƙarfinsa, ko gezau. Ya jawo tukunyar gas ya gasa su har suka yi ja, sannan suka fara juyawa suna kuka. Ɗaya ya karye a ciki, sai da ya haƙo shi. Martina na zaune a kan wata tsohuwar taya, rana na matsowa kanta, ba ta matsa ba. Tana jin mahaifinta yana ba Celestine labarin wata shekara da motar ta ƙetare rafi a Giwa da ruwa har ƙofa. Ta san labarin. Tana ƙarama ita ce ke ƙarasa masa ƙarshensa.

Da tsohuwar salansar ta faɗo, gida uku ta rabu. Gwangwanayen madara suka watse a ƙasan ramin, baƙi ƙirin. Celestine ya ɗago wani guntu ya nuna wa hasken rana.

Ya ce, "Baba, dubi nan. Wannan tsagar daidai ƙarƙashin kujerarka take. Duk hayaƙin nan kai kake sha."

"Ai taga a buɗe take."

"Taga! To. Yanzu ina son wanda zai riƙe mini tukunyar sabuwar salansar a sama har in ɗaura gaba. Abokin aikina ya tafi biki gida, ni kaɗai ne yau."

Baba Sati ya tuɓe hula ya ajiye a kan bonet, ya bi matakalar ramin a hankali. Ya tallabi tukunyar da hannu biyu ya ɗaga sama da kansa. Daga inda take zaune Martina na hango damatsansa. Ba a jima ba suka fara rawa. Bututun ya sunkuyo, bakinsa ya kauce daga inda Celestine ke son sa shi.

"Ɗaga kaɗan, Baba."

Ya ɗaga, ya sake saukowa.

Martina ta miƙe. Atamfa ce a jikinta, mai ruwan hoda, wadda ta ɗinka don Ista. Ta ajiye jaka a kan tayar, ta cire takalma, ta sauka cikin ramin. Ƙasan duk baƙin mai ne, ta ji shi yana shiga tsakanin yatsun ƙafarta. Ta sa hannuwanta kusa da nasa.

Ta ce, "Baba, kawo."

Ya yi kamar bai ji ba. Sai da ta ƙara cewa, "Don Allah," sannan ya saki. Ya hau sama ya nemi benci a inuwa ya zauna, ya juya musu baya.

Tukunyar ta fi yadda ta zata nauyi. Duk bugun da Celestine ya yi, garin tsatsa da busasshen laka na gonakin da motar ta taka sai su zubo mata a ka, su shiga ido, su shiga wuyan riga. Ba ta da hannun gogewa. Ta bar su, har ta ji kamar hakan ya yi mata daidai. Celestine ya sa sabon gaskit a mahaɗar bututun da injin, ya kama notocin da hannu ɗaya bayan ɗaya, bai ɗaure ba tukuna, ya dawo tsakiya yana rataya robobin da ke riƙe bututun. Da ya zo kusa da ita ya rage murya.

"Sista, na gane ki fa. Goshin nan nasa ne."

Ta ƙara tallabe tukunyar, shi kuma ya ci gaba.

"Ban san me ya haɗa ku ba, ba kuma ruwana. Matsa da ita hagu. Yawwa. Riƙe nan."

Hawayen da suka zubo mata ta bar su a kan tsatsar. Ya bi notocin ya ɗaure tun daga gaba har baya, ya kama wutsiyar bututun ya girgiza, motar gaba ɗaya ta motsa amma salansar ba ta taɓa komai ba. Ya ce ta saki. Da ta sauke hannuwanta sai ta ji kamar ba nata ba.

Baba Sati ya hau ya murza makulli. Injin ya kama. Martina ta tsaya tana jiran rurin da ta saba, bai zo ba. Wani gurnani ne kawai mai taushi, har ana jin rediyon mai shayin da ke tsallaken titi. Tsohon ya karkata kai yana saurare, ya ɗan taka totur ya saki. Celestine ya toshe bakin bututun da tsumma, ya bi jikinsa da tafin hannu yana neman inda iska ke fita, bai samu ba.

Ya ce, "Ka ji ta? Haka take ranar da aka haife ta."

Baba Sati ya ce, "Haka take."

A hanyar komawa ne Martina ta gane abin da ƙarar ke yi musu duk shekarun nan. Da, in sun shiga motar, ba wanda ke jiran magana daga wani. Yanzu kuwa har kaɗawar makulli ana ji. Suka wuce kasuwa, suka wuce PZ, ba wanda ya juyo ya kalle su. Ta shirya magana ta rushe, ta sake shiryawa. Sai da suka bar Kwangila a baya ta buɗe baki.

"Baba, abin da na faɗa jiya..."

"Na ji shi."

"Ban san abin da ya shiga kaina ba. Ka yafe mini."

Ya sauya giya. Ya bar wata tifa ta wuce su.

Ya ce, "Ke ma kin ji nawa yau. Ban ji daɗin faɗarsa ba. Na ɗauka zan ji."

Ta sunkuyar da kai. Ba ta san ko yafewar ke nan ba, ba ta kuma da fuskar tambaya. Suka ci gaba a haka. A cikin shirun ne kunnenta ya kama wani abu. Da farko ta zaci iska ce ke shigowa ta gefen gilashi. Ta saurara da kyau. Wani siririn fito ne, yana zuwa yana komawa, kuma daga ƙirjin mahaifinta yake fitowa. 'Yar maganar da ya yi ma sai da ya buɗe baki yana neman numfashi. Ta san wannan sautin, kullum tana jin sa a bakin aiki. Ta kai idonta ƙasa wajen birki, ta ga ya take bayan takalmansa ya mai da su silifa, ƙafafun sun kumbura har idon sawun ya ɓace.

"Baba, tun yaushe numfashinka yake haka?"

"Ba wani abu ba ne."

"Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun kafin shuka. In na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini buhu. A zaune nake barci yanzu. Ban gaya wa uwarki ba, kin san ta." Ya ja iska. "Shi ya kai ni wurinku jiya. Na ce ko za ki haɗa ni da wani likita."

Martina ta dafe bakinta da hannu, ta manta hannun baƙi ne. Gida ɗaya suke kwana. Kullum da safe tana durƙusawa ta gaishe shi, ta ɗauki jaka ta tafi auna numfashin iyayen wasu.

Sun shigo Samaru. Ɗalibai na tsallaka titi gungu-gungu, motocin haya na lodi a bakin kasuwa. Baba Sati ya rage gudu, ya fitar da hannu ta taga zai karya layinsu.

Ta ce, "Kada ka shiga. Mu wuce Shika."

"Yau Asabar."

"Akwai likita a ɗakin gaggawa. Mu wuce."

Ya taka birki a bakin layin, ya juyo ya dube ta sosai, karo na farko tun safe. Ya dubi gashinta da ya yi ja da tsatsa, da baƙin shatin yatsu a kumatunta, da atamfar da ba za ta ƙara zuwa coci ba.

Ya ce, "To shiga ki wanke jiki ki sauya kaya. Mutanenki za su gan ki haka."

Wata mota a bayansu ta yi ham. Martina ta jawo jakarta ta ɗora a cinya.

Ta ce, "Mu je haka, Baba."

Ya ɗan ƙara kallonta. Sannan ya mayar da hannunsa ciki, ya sa giya, ya hau titin Shika.