Ƙasusuwan Yayar Madam Fotini

"Ƙashin matacce fa, Inna. Kuma da giya," in ji Rilwanu, ɗan Sabuwa da ke karatu a Azhar, yana nuna uwarsa da carbi.

Ni aron albasa ya kai ni ɗakinsu a unguwar Arba wa Nus, nan Alƙahira, amma da na ji haka sai na gyara zama.

Sabuwa ta daɗe tana aiki a unguwar Zamalek, gidan Madam Fotini, wata tsohuwa 'yar Girka da ba ta haihu ba. Yayarta ta rasu shekarun baya a ƙauyensu na kan dutse, ga lokacin tono ta ya yi, kuma ba mace ko ɗaya da ta rage a danginsu sai ita. Shi ne Madam ta roƙi Sabuwa ta raka ta, kuma yau ne tafiyar.

Na ce tono kamar yaya? Sabuwa ta ce a can haka suke yi. Mata ne ke buɗe kabarin, su wanke ƙasusuwan da ruwa da giyar inabi, su naɗe a farin ƙyalle, su sa a ɗan akwati mai suna, a kai wani ɗaki gefen coci. Tun kakanninsu da suka gudo kan dutsen zamanin Turkawa, kowa yana ciki. Ta miƙo mini hoto a waya.

Na ƙura wa hoton ido. Akwati kan akwati har rufi, ga 'yar fitilar mai tana ci. Wai har wasu maƙwabta biyu da suka mutu ba sa ga maciji saboda itacen zaitun, ga su nan ɗaya a kan ɗaya, shiru. Rayayyun garin ba su cika motar haya ba, amma kullum akwai mai zuwa zuba wa fitilar mai.

Rilwanu ya yi ta zubo Larabci, ya ce in sa baki tunda ni babba ce. Na ce ma'alish, yi haƙuri ɗana, ban gama kallo ba.

"Giyar Madam ce za ta zuba," in ji Sabuwa. "Ni ƙyallen zan riƙe. Hannunta rawa yake yi, so kake yayarta ta zube a ƙasa?"

Ya ce in ta tafi, ko jakarta ba zai ɗauka ba. Ta ce khalas, shi ke nan, ta fizge wayarta daga hannuna, ta saɓi jakar da kanta, ta fice ta bugo ƙofar garam.