Gwaibar Bakin Dakali

Shagon tela da na mai aski manne suke da juna, kuma dakali ɗaya suke zama idan ciniki ya ɗauke. A tsagar dakalin nan wata 'yar gwaiba ta fito, ganyenta bai fi kunnen ɓera ba.

Tela ya ce shukarsa ce, tunda shi ke cin gwaiba a wurin yana tofar da 'ya'yan.

"Wace shuka?" in ji mai aski. "Abin da ka binne da niyya shi ne shuka. Wanda ka cire yana ƙarami ka sauya masa wuri, dashe. Wanda ya fito don kansa kuwa tsiro ne, ba shi da uba. Kai tofi kawai ka yi, malam."

Tela ya san gaskiya ne. Mutum ne da ba ya ƙarya sai a kan ranar karɓar ɗinki, ita ma yana ganin fata ne, ba ƙarya ba. Amma gwaibar ta shiga ransa. Ya ɗinka mata 'yar rumfa da ragowar yadi, kuma ita yake fara gaisarwa da safe kafin ya hau keken ɗinki.

Ta kai gwiwa ke nan sai ga mai gidan da suke haya, wani dattijo da ba ya rabuwa da sanda. Ya zura bakin sandar cikin tsagar, wadda yanzu ta buɗe baki sosai.

"Wa ya dasa wannan?"

"Ba dashe ba ne, Baba, tsiro ne," in ji mai aski.

"Madalla. Tunda ba ta da mai ita, a tumɓuke. In kuma da mai ita, ya fito ya gyara mini dakali." Ya fara naɗe hannun riga.

In tela ya ce tsiro, ya faɗi gaskiya, gwaiba ta mutu. In ya ce dashe, ta tsira, amma ya yi ƙarya da rana tsaka, gaban mai aski kuma, wanda zai riƙa ba kowane kai da ya zauna a kujerarsa labari. Ƙaryar da mai yin ta ne kaɗai zai cutu, ita ma ƙarya ce? Ya juya abin a ransa, bai samo mata wani suna ba.

"Baba, dakata kaɗan."

Ya shiga shago ya fito da tsohon almakashi da bokitin fenti. Ya durƙusa yana ƙwaƙular tsagar a hankali, kamar mai warware ɗinkin amarya, har saiwar ta fito da ƙasarta. Ya ɗebo ƙasa ya cika bokitin, ya kafa ta, ya danna gindin da yatsa. Sannan ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Yanzu sake tambayata, Baba."

"Wa ya dasa?"

"Ni."

"To, sai gyaran dakali."

"A'a, Baba," mai aski ya yi caraf. "Tsiro ne ya fasa dakali, shi kuwa ba na kowa ba ne. Dashen tela ko minti bai yi a duniya ba, me ya fasa?"

Dattijon ya dubi bokiti, ya dubi tsaga, ya ce su biyun ba su da aikin yi, ya tafi yana dogara sanda.

Mai aski ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Tela kuwa bai yi ba, don tofin nan dai nasa ne. Washegari ya kwaɓa siminti ya liƙe tsagar da kansa, a karkace, kamar facin wando.

Gwaibar ta yi yaushi, ganyenta ya sunkuya. Tela ya kasa cin abinci, har ranar da mai aski ya leƙo da reza a hannu.

"Mai dashe! Fito ka ga 'yarka, ta yi sabon toho. Amma ka sani, ruwana ne, ni nake ba ta."