Lungun Baba Taku

"Ku ɗan karkata shi," in ji Tela. "Kaɗan dai."

"Duk wanda ya karkata shi, shi ya kashe shi," in ji Nas, 'yar hayar ɗaki na uku. "Ƙashin baya ne fa. A miƙe zai fita."

Mu huɗu ne ɗauke da ƙyauren banɗaki, mai gidanmu kwance a kai. Ni aka ba wajen kai, don an duba an ga can ne ba a bukatar ƙarfi. Ƙyauren ya shiga lungu, ya kai kwanar farko, ya cije.

Baba Taku muke ce masa, saboda bai taɓa tsayawa a fili bai auna shi da ƙafa ba. Ranar ya hau tsani zai toshe kwanon da ke yoyo, don a wajensa kiran kafinta almubazzaranci ne. Tsanin ya zame. Mota na jira a bakin titi, tsakaninmu da ita taku goma sha biyu, shi da kansa ya sha faɗa.

Da can hanyar shiga gidan mai faɗi ce. Baba ya yanko shago daga gaba ya ba Tela, ya yanko ɗaki daga gefe, ya ɗora wani a sama, ya bar mana lungu mai kwana biyu wanda mai ƙiba sai ya bi shi a kaikaice. Ranar da na tare, sai da aka raba kabad ɗina biyu da zarto. Duk da haka shekara goma sha huɗu ina zaune gabansa ina ɗaukar darasi, wai ni ma zan zama mai gidan haya. Kada ka ba ɗan'uwa ɗaki. Ka yi fenti kafin damina, ka nuna ɗaki kafin ruwa. Takun da ba ya kawo haya asara ne. Filin da na saya kuwa har yau abin da ya haifa ciyawa ce, sai awakin wani da ke zaune kyauta.

Babbar 'yarsa ta iso a guje, ta leƙo ta kan kafaɗar Tela.

"Me kuke jira? Ku fasa bangon shagon!"

Direba, mai ɗakin sama, ya riga ya aro guduma. Yana ɗaga ta Baba ya buɗe ido.

"Kada ka taɓa."

"Baba, bulo ne fa," in ji 'yar. "Bulo! Ni zan sake gina maka."

"Na ce kada a taɓa."

"Haba Baba," in ji Tela, "ni mai shagon na yafe."

"Kai ne mai shagon? Tun yaushe?"

Ba zan ɓoye ba, a raina cewa na yi rowa ce za ta kai shi kabari, ni kuma ga ni riƙe da kansa ina rakiya. Sai ya juyo da ido sama, wajena.

"Mai Fili," ya ce, don haka yake kirana in zai yi mini ba'a. "Sunkuyo."

Na sunkuya. Numfashinsa na fita da ƙyar.

"Babu ginshiƙi a nan. Na cire shi lokacin da na yi shagon, yana cin wuri. Bangon nan kaɗai ke ɗauke da ɗakin sama."

Na ɗaga kai. Daidai samanmu ana jan kujera, matar Direba na yi wa jaririyarta wasa. Shekara shida suna kwana a kan bulo inci shida.

Na maimaita da ƙarfi. Direba ya ajiye guduma a hankali kamar ƙwai, ya dubi Baba. Ya haura sama da gudu.

Aka aika kiran magini. Muka sauke ƙyauren a ƙasa, rabi a lungu rabi a tsakar gida. Matar Direba ta sauko da goyo, ta rasa ta inda za ta wuce, sai da ta tsallake ƙafafun Baba tana ba shi haƙuri. Magini ya zo, ya duba sama, ya yi salati, ya ce sai ya tokare rufin da katako tukuna, kuma ba aikin gaggawa ba ne. Nas ta tsuguna riƙe da wuyan hannun Baba. Tun tana duba agogo har ta daina.

"Mai Fili."

"Na'am, Baba."

"In ka tashi gini, ka bar hanya."

"To, Baba. Kamar taku nawa?"

"Huɗu." Ya lumshe ido har na zaci ya gama. "Uku ma ya isa."

Magini na kafa katako na biyar Nas ta saki hannun, ta ja mayafin 'yar ta rufe masa fuska. Magini ya tsaya da guduma a kafaɗa.

"Yanzu kam ai sai a ɗauko shi a hannu," ya ce a hankali. "Ba sai an yi ɓarna ba."

"Fasa," in ji 'yar. "Ba za a lanƙwasa mini uba ba."

Bugu bakwai ya yi. Bulon ya ruguje kamar dama jira yake. Muka fita da shi ta cikin shago, tsakanin keken ɗinki da rigunan mutane da ke rataye, ƙura ta yi musu fari.

Da yamma na dawo ni kaɗai. Direba ya kwashe iyalinsa zuwa gidan yayarsa, ko fitila bai kashe ba. Na zauna a bakin ƙofata. Iska na shigowa daga titi ta ramin bangon, tana ratsa katakan, labulayen ɗakuna tara suna ɗagawa suna sauka.